Satin farko a jami'a da satin farko a makarantar horon lauyoyi

Ƙanwata, kin ce an tura ki reshen Yola na makarantar horon lauyoyi, kina tambaya ko shirin da kika yi lokacin shiga tsangayar shari'a a nan Gombe shi za ki maimaita. A'a, ba zai ishe ki ba.

Ki tuna aji ɗaya a jami'a. Satin farko yawon rajista ne da neman ɗaki, wasu malaman ma sai sati na biyu ko na uku ake ganinsu. Darussan kuma yawanci na share fage ne, ainihin shari'a sai a aji biyu ta kankama, inda ake shiga dokar kwangila da tsarin mulki. Kina da shekara biyar a gabanki, in zangon farko ya kuɓuce miki akwai damar gyara.

Can kuwa shekara ɗaya ce tal, cikinta har da zaman koyon aiki a kotu da ofishin lauya. Darussa biyar ne, kowanne da ranarsa a sati: ƙararrakin madani (wato waɗanda ba na laifi ba), shari'ar laifuffuka, aikin filaye da kadarori, aikin kamfanoni, sai ɗa'ar aikin lauya. Ana raba ku rukuni-rukuni, a ba ku aiki kafin darasi, washegari a kira wanda aka ga dama ya miƙe gaban ɗaruruwan mutane ya yi bayani. Ana kuma ɗaukar sunan masu halarta da gaske.

Inda na fi so ki tsaya shi ne abin da za ki saya. A jami'a littafin malami da takardun darasi su ne jari, tambayar jarrabawa kuma ita ce me doka ta ce. A Yola tambayar ita ce ta yaya ake yi: wace kotu ce ke da hurumi, wace takarda ake shigarwa, cikin kwana nawa. Don haka ki fara da dokokin kansu. Kundin tsarin mulki na 1999, dokar shaida ta 2011, dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta 2015, dokar kamfanoni ta 2020, dokar mallakar filaye ta 1978, da ƙa'idojin manyan kotunan Legas da Abuja, tunda da su ake koyarwa. Ki duba shekarar da ke jikin bango kafin ki biya. Ni na tafi da manyan littattafai da na gada daga wani yayana, sai a aji na gane an riga an sauya wasu ƙa'idojin, abin ya yi min ciwo ƙwarai. Littattafan bayani ki jinkirta har ki ji abin da malamai za su ce.

Hannunki ma ki horar da shi tun yanzu. Ki roƙi wani lauya ya nuna miki takardar rantsuwa ɗaya da takardar tuhuma ɗaya, ki kwafe su da biro har tsarinsu ya zauna miki.

Tufafi baƙi da fari kin saba da su, amma can a ƙofar aji ake duba mutum. Farar riga, baƙar kwat, dogon siket, baƙin takalmi rufaffe. Ki ɗinka aƙalla uku da yadi mara nauyi, don zafin Yola sai wanda ya zauna. Maganar hijabi kada ta tayar miki da hankali: tun 2018, bayan tsayuwar da wata ɗaliba, Firdaus Amasa, ta yi kan ƙin cire hijabinta, aka amince a rantsar da lauya da hijabinta.

Ki bar Gombe da kwana biyu a hannu, ki kama motar safe ta Kaltungo da Numan, takardunki na asali da kwafinsu suna jakar da ke kan cinyarki. Allah ya ba da sa'a.