Permanent, ständig da dauerhaft: zama, tsayuwa ko tauri?

Malam, ka tambayi ma'anar kalmar Ingilishi permanent da asalinta, da kuma ko ita ce sauran harsunan Turai suke amfani da ita idan ana maganar ƙasashe biyar masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin. Ba ita kaɗai ba ce. Kalmomin da harsunan suke amfani da su sun rabu gida uku, kuma kowane gida da irin hoton da yake gani idan ya ce abu zai ɗore.

Gidan farko shi ne na zama. Permanent ta fito daga Latin, daga aikatau permanere, wanda aka haɗa daga per, mai nufin ratsawa har ƙarshe, da manere, wato zama a wuri ba tare da an tashi ba. Faransanci ya ɗauko ta daga Latin, Italiyanci da Sifaniyanci da harshen Fotugal suna cewa permanente, Ingilishi kuwa aro ya yi a ƙarni na 15. Daga manere ɗin nan aka samu mansio, masaukin matafiya a kan hanyoyin daular Rum, wanda ya rikiɗe ya zama maison, kalmar Faransanci ta gida. Girkanci yana cikin wannan gida, amma ba ta hanyar aro ba: kalmarsa monimos ta fito daga meno, na zauna, kuma meno da manere 'yan'uwa ne da suka gaji kaka ɗaya. A Girka, ma'aikacin gwamnatin da aka tabbatar wa aiki shi ake kira monimos.

Gida na biyu shi ne na tsayuwa. Idan Bajamushe zai ambaci waɗancan ƙasashe biyar, ständig yake cewa, kalmar da jijiyarta take cikin stehen, tsayawa. Rashanci yana da postoyanny daga stoyat, harshen Folan yana da stały daga stać, duka ma'anarsu tsayuwa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne harshen Hangari, wanda ba shi da dangantakar asali da waɗannan, amma shi ma állandó yake cewa, daga áll, tsayawa. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, tunda mu ma tsayayyen mutum muke kiran wanda ba ya sauya magana.

Gida na uku, na tauri, shi ne ya fi ruɗar masu fassara. Latin yana da durus, mai tauri, daga nan aka samu durare, jurewa. Ingilishi da Faransanci suka samu durable, Jamusanci ya ari aikatau ɗin ya mai da shi dauern, ya gina dauerhaft a kansa, harshen Holan kuma ya gina duurzaam. Ga bambancin: abin da yake permanent ba a ɗauke shi daga inda yake ba, abin da yake durable kuwa an yi ta dukansa bai lalace ba. Takalmi mai ƙarko durable ne, amma babu mai kiransa permanent. A Hausa wannan shi ne tazarar da ke tsakanin dindindin da ƙarko ko ɗorewa, shi ya sa ake cewa ci gaba mai ɗorewa inda Bafaranshe yake cewa développement durable.

A ganina kuskuren da ya kamata a kiyaye shi ne ɗaukar permanent a matsayin har abada. Wannan ma'ana tana da nata kalmomin, eternal a Ingilishi da éternel a Faransanci, daga aeternus na Latin, da ewig a Jamusanci, kuma su ne suka fi kusa da dawwama da muka aro daga Larabci. Permanent ba ta yi alkawarin abada ba, cewa kawai take yi ba a sa ranar tashi ba.

'Yan'uwanmu na Nijar sun san haka daga Faransanci, inda permanence take nufin ofishin da ake barin wani yana jiran aiki bayan kowa ya tashi, ko ɗakin da ɗalibai suke zama idan ba su da darasi. Haka nan gyaran gashin da ake murɗawa da magani, wanda wani Bajamushe mai suna Karl Nessler ya nuna a Landan a 1906, sunansa permanente a Faransa da Italiya da Sifaniya, Dauerwelle a Jamus, alhali kuwa 'yan watanni kawai yake yi kafin sabon gashi ya tsiro a koma wurin mai gyara.