Wata biyu ina yawo a Los Santos: abin da na gani a GTA V

Sai da kowa ya gama yayin wasan bidiyon nan na Grand Theft Auto V, wato GTA V, sannan ya shigo hannuna. Wasan ya fito tun watan Satumban 2013, ni kuwa kwanan nan na zauna masa a PlayStation 4, na yi wata biyu ina fama har na kai ƙarshen labarin. Ga mai tambayar ko ya cancanci lokacinsa, amsata ita ce e, in dai babba ne, kuma in ya san abin da zai tarar a ciki.

Kamfanin Rockstar ne ya yi shi, ya gina birnin Los Santos a kan siffar Los Anjalis ta Amurka, ya haɗa masa da hamada da duwatsu da ƙauyuka ta arewa. Mutum uku ake juyawa. Michael tsohon ɗan fashin banki ne da ya tuba bisa tilas, yana zaune a katafaren gida da iyalin da ba sa ganinsa da gashi. Franklin matashi ne mai ƙwato motocin da aka kasa biyan bashinsu. Sai Trevor, wanda kansa ba ɗaya ba, yana can cikin hamada. Kana danna maɓalli sai hoton ya tashi sama, ya sauka a kan ɗayan, ka same shi yana tsakiyar harkarsa. Akwai ranar da na koma kan Trevor na tarar ya farka a bakin teku daga shi sai ɗan kamfai, babu wanda ya yi mini bayanin yadda aka yi.

Birnin nan shi ne ya riƙe ni, ba labarin ba. A daren farko ko kallon aikin da aka ba ni ban yi ba. Na ɗauki mota na kama titin bakin teku, rana tana faɗuwa, rediyo yana ta surutu, can sai ruwa ya tsuge, kwalta ta fara sheƙi. Ban tsaya ba sai gindin dutsen Chiliad, na hau keken igiya zuwa ƙololuwa, na tsaya ina hango fitilun gari. A hanyar dawowa na gogi motar 'yan sanda, tauraro ɗaya ya fito a kusurwar allo, alamar sun fara nemana. Da na ƙi tsayawa ya zama biyu. Taurarin nan biyar ne iyakarsu, kuma daga uku jirgi mai saukar ungulu yake shigowa maganar. Gudu kaɗai ba ya fid da kai, sai ka ɓace wa ganinsu. Na kutsa ƙarƙashin wata gada na lafe, ina kallon taswira motocinsu suna wucewa ta gefena, taurarin suna ƙyaftawa har suka mutu. Wallahi numfashi na riƙe, kamar ni ɗin ne a motar.

A cikin ayyuka 69 na labarin, manyan fashin su ne nama. Na farko, na shagon gwala-gwalai, shi ya fi zauna mini a rai. Lester, mai tsara musu komai, zai ba ka zaɓi: ko ku faɗa da bindiga tsirara, ko ku zuba iskar sa barci ta bututun iska ku shiga a matsayin masu feshin ƙwari. Kai za ka zaɓi abokan aiki, kowa da kason da yake karɓa. Rowa ta sa na ɗauki ɗan bindiga mai araha. Muna cikin gudu a kan babura ya kife, jakar da ke bayansa ta faɗi, ni kuma ban ankara na ɗauka ba. Abin da na yi asara ya ninka abin da na so in tsimi. Da duk wasan haka yake da ban sami abin kushewa ba.

Amma fa ba haka yake ba. Manyan fashin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma kuɗin kirki ba ya shigowa sai a na ƙarshe, lokacin da kusan babu sauran abin saya da zai amfane ka. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, wasan da ya sakar maka gari guda ka yi yadda ka ga dama, da ka shiga aiki sai ya sa maka takunkumi. An ce ka bi mota, ka ga hanyar yanke, ka bi, sai a ce ka faɗi, a sake. Harbin ma ba shi da wani wuya, bindiga da kanta take neman mutum, sai dai in ka kashe wannan a saiti.

Sai maganar da ba za a rufe ba. A Turai an rubuta masa sai mai shekara 18 zuwa sama, a Amurka 17, kuma ba don ado ba. Ashar kamar ruwan sama, ga ƙwaya, ga gidan rawar tsiraici, mata kuwa da wuya ka ga wadda aka ba ta daraja a labarin. Akwai wani aiki da ake sa ka azabtar da mutum ɗaure a kujera, kai za ka zaɓi kayan azabar da hannunka, kuma babu hanyar tsallakewa. Na san waɗanda suka ƙirƙiri wasan suna zolayar hukumomin tsaron Amurka ne, domin kusan komai a ciki shaguɓe ne ga rayuwar can, daga 'yan siyasa har kamfanonin sada zumunta. Duk da haka sai da na ajiye abin bugawar na ɗan fita shan iska. Wanda ya miƙa wa yaro wannan wasa don ya ga motoci a jikin kwali, bai duba ba ne.

Ɓangaren intanet, wanda aka buɗe a watan Oktoban 2013, kwana huɗu na yi na haƙura. Ka tara kaya da ƙyar, wani da bai san ka ba ya zo a kan babur mai tashi ya tarwatsa ka da roka, ya wuce abinsa. In kana da abokai uku da za ku riƙa shiga tare, an ce daɗinsa daban ne. Ni kaɗai nake, ban ji shi ba.

Wasan da ya tara dala biliyan ɗaya cikin kwana uku da fitowarsa, ya kuma sayar da sama da kwafi miliyan 200, ba ya jiran yabona. Shekaru sun fara nunawa a fuskokin mutanen ciki da yadda suke tafiya, amma garin bai tsufa ba. Na gama labarin makonni biyu da suka wuce, har yanzu ban goge shi ba. Jiya ma na shiga, ban harbi kowa ba, na ɗauki ƙaramin jirgi a filin Trevor na zaga dutsen Chiliad sau biyu, wajen sauka na daki turken lantarki.