Gargaɗi kan mai tallar ɗakin katako mai taya a Sakkwato

Jama'ar Sakkwato da kewaye, ina jawo hankalinku ga wani mutum da ke yaɗa hotuna a Facebook da WhatsApp, yana cewa shi kafinta ne mai haɗa ƙaramin ɗakin katako mai taya biyu, wanda ake ɗaura wa mota a baya a ja shi, a kwana a ciki. Masu noman rani a fadamun Goronyo da Wurno da 'yan kasuwar da ke cin kasuwar Illela su ne ya fi yi wa daɗin baki, domin ya san suna kwana a waje, kuma suna buƙatar inda za su kulle kayansu. Ƙanena ya tura masa rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, bisa alkawarin cewa za a gama aiki cikin mako uku. Yau wata na biyu ke nan, lambar wayar a kashe take, shafin ma an goge shi.

Da na zauna na duba hotunan da kyau, sai na ga ba a ƙasar nan aka ɗauke su ba. Irin wannan ɗaki mai siffar ɗigon ruwa a Amurka ya yi fice tun shekarun 1930, kuma galibi faɗinsa ƙafa 4 ne, tsawonsa ƙafa 8, daidai girman fallen filawud guda. A bayan ɗaya daga cikin hotunan akwai dogayen itatuwan ƙasashen sanyi, a wani kuma lambar motar da ke jan ɗakin ba ta Nijeriya ba ce. Duk mai wayar hannu zai iya saka hoton a Google Lens ya ga inda aka kwaso shi, sai dai ƙanena bai yi haka ba, domin farashin ya ruɗe shi.

Abin da ya fi tona asirinsa shi ne yadda yake amsa tambaya. Wannan aiki ba na kafinta kaɗai ba ne, domin kafin a buga ƙusa ko ɗaya sai mai walda ya haɗa gindin ƙarfe, ya ɗora shi a kan ƙarfen da ke riƙe tayoyi, da sifirin da boris masu ɗaukar nauyi, sannan a haɗa ƙugiyar ja da fitilun baya. Shi kuwa da aka tambaye shi wane mai walda yake aiki da shi, sai ya ce komai da katako yake yi. Bai kuma iya faɗin yadda zai kare katakon daga gara ba, ko yadda filawud zai jure ranar Afrilu a Sakkwato, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, sannan damina ta biyo baya ta kumbura shi idan ba a rufe saman da kwano ko alminiyon ba, ba a kuma toshe gaɓoɓin ba. Ɗaki mara taga biyu masu fuskantar juna a irin wannan zafi tanda ce kawai.

Sunan da ke kan asusun da aka tura kuɗin ma ya sha bamban da sunan da yake amsawa, kuma duk lokacin da aka nemi zuwa shagonsa sai ya ce ya tafi sayen katako a Kudu.

Wanda yake son irin wannan ɗaki ya je shagon kafinta da ƙafarsa, ya ga aikin da ya taɓa yi, ya sayi katako da ƙarfe da kansa, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, a biya ladan aiki kashi-kashi. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi ya adana shaidar biya da hirarrakin da suka yi, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke nan Sakkwato. Mu mun kai tamu, kuma a can muka tarar da wani dattijo mai noman albasa riƙe da irin hotunan da aka turo wa ƙanena.