Hattara da masu tallar kayan jirgin ruwan tsere na hannu a intanet

'Yan'uwa da ke aiki a tashoshin jiragen ruwa na Faransa, musamman Lorient da La Rochelle da Les Sables-d'Olonne, da waɗanda iyayen gidansu ke aikensu sayen kayan gyara, a yi kaffa-kaffa. 'Yan damfara sun gano lagon masu shirya jirgi mai filafilai domin tseren mutum ɗaya ko biyu.

Wanda zai shiga Mini Transat, tseren da aka fara a 1977 ake kuma yin sa duk bayan shekara biyu, shi kaɗai zai ƙetare tekun Atlantika a jirgi mai tsawon mita 6.5. Ba mai karɓarsa tuƙi. Idan zai runtsa ko zai sauya filafili, na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ce ke riƙe masa hanya. Sabuwarta, ta kamfanin NKE ko B&G, tana cin dubban Yuro, don haka yawanci ta hannu ake nema. Nan macutan ke ɗana tarko.

Sai ka ga talla a Facebook da hotuna masu kyau, a rabin kuɗin kasuwa. Hotunan na sata ne daga wata tsohuwar talla ta gaskiya. Mai kayan kuwa kullum ba ya gari: yana aiki a teku, ko yana jinyar mahaifiyarsa a Sifaniya. Zai ce mutum uku na jira, ka ba da kafin alƙalami yau. Kuɗin kuma ta hanyar da ba a dawo da su yake so, ko katin kuɗin nan da ake saya a shagon taba ka turo masa lambar, ko PayPal ta ɓangaren 'yan'uwa da abokai, wanda ba ya kare mai saye. Kana biya, layinsa ya mutu.

Wannan kuɗinka kawai ya ci. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne mai aiko kayan da gaske.

Ɗauki igiya. Igiyar da ke ɗaga filafili a jirgin tsere, cikinta Dyneema ne, zare mai ƙarfi da kusan ba ya miƙewa. Ana rina poliyesta ruwan toka, a lulluɓe ta da riga mai kyau, a sayar da sunan Dyneema. A tasha ba za ka gane ba. Sai iska ta yi ƙarfi igiyar ta saki, filafili ya yi tumbi, jirgi ya kwanta, kai kuma kai kaɗai ne cikin dare. Gwajin ba shi da wuya: yanki ɗan guntu, zare cikin, jefa a bokitin ruwa. Dyneema na tasowa sama, poliyesta na nutsewa. Tasowar ma ba ta isa hujja ba, domin igiyar roba mai araha ita ma tana iyo, saboda haka a nemi rasit ɗin shagon da aka fara sayenta.

Haka kwalekwalen ceto mai hura kansa. A rufe yake cikin akwati, ba mai buɗewa ya duba, shi ya sa ake manna masa sabuwar takardar dubawa ta jabu. Yawancinsu duk shekara uku ake kai su wurin masu dubawa, kuma wurin na ajiye bayanin kowane da lambarsa. Ka kira su da kanka, da lambar wayar da ka samo a shafin kamfanin, ba wadda mai talla ya ba ka ba. Na'urar kiran agaji ta EPIRB, mai aika saƙo a kan megahaz 406, tana da lambar shaida mai harufa da alƙaluma 15, ga ranar ƙarewar batir a jikinta. Idan rajistarta na kan sunan wani jirgi, ranar da ka kunna ta masu ceto iyalan wani za su kira. Masu binciken jirage kafin tsere na kama wasu daga cikin waɗannan, amma a lokacin tashi ya matso, kuɗin kuma sun tafi.

Kafin ka biya ko sisi, ka sa mai kayan ya kira ka ta bidiyo, ya kunna na'urar in ta tuƙi ce, ya nuna lambar jikin kayan kusa da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. In da hali, a haɗu a tasha a yi ciniki hannu da hannu.

Sai ɗalibanmu da sababbin zuwa. Idan wani ya ce ka ara masa asusun bankinka kuɗin cinikin kayan jirgi su shigo, ka cire ladanka ka tura masa saura, ka ƙi ko da ɗan garinku ne. Sunanka ne a kan asusun, ƙofarka 'yan sanda za su buga, kuma takardar zamanka na iya tafiya a kai.

Wanda aka riga aka cuta a Faransa ya sanar da bankinsa nan take, ya adana hotunan hirar da tallar kafin a goge, sannan ya shigar da ƙara ta THESEE, shafin gwamnati na ƙorafin damfarar intanet.