Masara zalla ko masara da waken soya a gonar gangare?

Malam, ka ce gonarka tana gangaren dutse wajen Mangu a Jihar Filato, ruwan sama kaɗai ka dogara da shi, kana tambaya ko ka zuba masara ita kaɗai ko ka haɗa ta da waken soya. Na yi duka biyun.

In buhunan masara kawai za ka ƙirga, zalla ta fi, ba gardama. Aikinta ma ya fi sauƙi: shuka ɗaya, feshi ɗaya, girbi ɗaya. Sai dai masara akwai cin taki, kuma a gangare ruwan Agusta kan wanke yuriya ya kai wa maƙwabcinka na kwari. Bayan ruwa ka leƙa tsakanin kunyoyi, za ka ga jar ƙasa tana bin hanya.

Haɗin kuwa, ni kunya biyu masara, kunya biyu soya nake yi, kunyoyin a gicciye, ba su bi gangaren ba. Masarar takan ragu, amma soya ya cike gurbin har da ƙari, tunda buhunsa yakan fi na masara tsada, ga masu abincin kaji a Bukuru da masu awara suna nema. Ganyensa yana rufe ƙasa, ciyawa ta rasa sarari. In ka tumɓuke ɗaya ka ga ƙulli-ƙulli a saiwa, ka fasa ka ga ciki ja-ja, to yana haɗa wa kansa taki daga iska. Shi takin supa yake so, ba yuriya ba. Amma kada a ruɗe ka: masarar bana sai ka ba ta takinta, ta baɗi ce ke cin moriyar. Soya yana kuma rage ƙuduji sannu a hankali.

Inda haɗin ke da ciwon kai: Atrazine, maganin ciyawan da muka saba fesa wa masara, kashe soya yake yi. Wata shekara yaron da na sa feshi ya ƙone mini kunya shida. Inuwar masara ma tana danne soyan in ka matse su. Kuma in ya bushe ka yi jinkirin yanka, da rana tsaka za ka ji kwanson yana fashewa ƙas-ƙas, don haka ka nemi irin soya TGx na IITA, cibiyar binciken noma da ke Ibadan, mara saurin zuba.

A gangare irin naka haɗin zan zaɓa, sai in ba ka da hannun aiki lokacin kaka.