Tsohon kwalin Sunderland: a haɗa ko a ajiye?

Ɗan'uwa, haɗa abinka. Na duba hotunan da ka ɗora na kwalin Sunderland, wato ƙaramin samfurin roba na jirgin saman yaƙin Ingila mai sauka a kan ruwa, wanda kamfanin Airfix ya yi don a haɗa da gam, na ma'aunin 1/72 (an ƙanƙanta na gaske sau 72). An riga an buɗe shi, murfin ya lotsa ta gefe guda, ƙananan ɓangarori sun ɓalle daga firam ɗin robar da ke riƙe su suna yawo a ciki. Kwali mai wannan hali ba shi ne masu tarawa ke kokawa a kansa wurin gwanjo ba. Fargabar da kake yi cewa ranar da ka sa masa gam ka zubar da dukiya, sauke ta daga ranka.

Mai tarawa ba robar yake saye ba. Kwali yake saye: bugun wace shekara ne, zanen wa ke kan murfi, kusurwoyin sun daku ko suna nan tsaf, an taɓa buɗewa ko ba a taɓa ba. Robar da ke ciki kuwa daga mazubin ƙarfe take fitowa, mazubi kuma ba sau ɗaya ake zuba shi a jefar ba. Airfix ta fara fitar da wannan jirgi tun wajejen 1960, lokacin da rundunar saman Ingila ba ta daɗe da yin sallama da Sunderland na gaske ba, a 1959. Daga nan aka yi ta zubawa shekara da shekaru. Kamfanin ya durƙushe a 1981, ya shiga hannun Humbrol a 1986, Hornby ta saye shi a 2006, ana ta canza wa kwalaye riga, tsofaffin mazubai kuwa suna nan suna aiki. Shi ya sa wannan jirgi ya cika duniya. In ka haɗa naka, ba ka rage wa tarihi komai ba.

Akwai ma wata riba da mutane ba su cika lura da ita ba. Mazubi yana tsufa. Zubin farko-farko yakan fito da kaifi, ƙananan layuka a bayyane, bakin kowane ɓangare a tsabtace. Bayan an yi shekaru ana matsa narkakkiyar roba a ciki, sai bakin mazubin ya saki, roba ta riƙa tsartuwa ta gefe tana barin ɓawo siriri da sai ka bi da aska ka kankare. Wato sau da yawa tsohon kwali ya fi na baya-bayan nan daɗin haɗawa. Idan naka na shekarun farko ne, to robar da ta fi cancanta a sa mata gam ce a hannunka.

Ajiyewa tana da nata amfanin, ban musa ba: ba za ka ɓata komai ba, kuma in ka yi haƙuri wataƙila wata rana ka mayar da kuɗinka har da ɗan ƙari. Iyakar abin da zan iya faɗa mata na alheri ke nan. Kuma kwali a ajiye ba tsayawa yake yi cak ba. Sitikar ruwa da ke ciki, wato tamburan da ake jiƙawa a manna wa jirgin, tana yin rawaya, tana tsattsagewa, gam ɗin bayanta yana mutuwa. Laima tana sa takardar bayani ta yi tabo-tabo, ƙusar da aka ɗinke kwali da ita ta yi tsatsa ta ci takarda, zafi kuma ya lanƙwasa dogayen fukafukai. Ita kanta robar, wato polistarin, tana da juriya sosai in ba ta sha rana ba, amma duk abin da ke kewaye da ita yana lalacewa a hankali, kuma shi ne abin da mai tarawa zai biya kuɗi a kai.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye maka ba: ranar da ka gama haɗawa, darajarsa a kasuwa ta tafi. Da wuya a sami mai sayen jirgin da wani ya haɗa, balle mai faɗin wannan, wanda ko aika shi ba za a yi ba sai wani abu ya karye. In lissafin kuɗi kaɗai kake yi, kwali a rufe ya fi jirgi a kan kanta. Sai dai kuɗin da ake magana a kai a nan bai kai a hana kai jin daɗi dominsa ba.

Ni nawa Stranraer ne, wani jirgin Ingila mai sauka a kan ruwa, na kamfanin Matchbox, shi ma 1/72, irin waɗanda suka fito a shekarun 1970 da roba kala-kala, don yaron da ba shi da fenti ya haɗa ya ga wani abu mai kyan gani. Jirgi ne mai fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, inji biyu a jikin na sama, ciki kamar kwale-kwale, daga ofishin zane na R. J. Mitchell, mutumin da ya zana shahararren jirgin yaƙin nan Spitfire. Ya daɗe a saman kabad ina kallonsa ina tsoron sandunan da ke tsakanin fukafukai. Da na buɗe, abin da ya fara burge ni shi ne yadda masu zanen suka tausaya wa mai haɗawa: ɓangarori masu kauri, ramuka a inda ya kamata, ba abin da ke neman hannun likitan tiyata. Ranar ɗora fiffiken sama na kira ɗan ƙanwata ya riƙe mini gefe guda. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya ya tsaya ƙyam, ko numfashi a hankali yake yi, har gam ya kama. Wayoyin ɗaurin fukafukai kuma da zaren fatsa siriri na yi su, na huda ramuka da ƙaramin abin huji, na ja, na ɗiga gam, na yanke. Nan ne aikin ya fi cin lokaci, nan ne kuma ya fi daɗi, don kowane zare da ka ja sai ka ga jirgin ya ƙara zama na gaske. Yanzu duk baƙon da ya shigo tambayarsa ɗaya ce: ina tayoyinsa? Daga nan hira ta ɓarke, a yi ta bayanin yadda jirgi ke tashi daga kan ruwa, har a kai ga cewa Stranraer guda ɗaya tak ya rage cikakke, yana gidan tarihin rundunar saman Ingila a Landan. Duk zaman da ya yi cikin kwali ba wanda ya taɓa tambayata komai a kansa. Kamfanin Revell ma ya sake fitar da shi daga wannan mazubi, don haka ban cire wa kowa komai daga baki ba.

Naka ya fi nawa labari. Sunderland inji huɗu gare shi, ya fara tashi a 1937, ya yi Yaƙin Duniya na Biyu yana sintiri a kan teku yana farautar jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus. A cikinsa akwai gadajen kwana da wurin girki da anka, don ma'aikatan sukan daɗe a kan ruwa. Ɗakin bindigar da ke hancinsa ana jansa baya a buɗe wurin da mutum zai tsaya ya ɗaure jirgin, bama-baman kuma a ciki ake ajiye su, sai an zo kai hari a turo su waje ƙarƙashin fiffike a kan dogo. A 1948, lokacin jigilar kaya ta sama zuwa Balin, irinsa ne suka riƙa sauka a kan kogin Havel ɗauke da gishiri, saboda jikinsu an riga an kāre shi daga cin ruwan teku. New Zealand ba ta ajiye nata ba sai 1967. Waɗannan abubuwa kana fahimtarsu ne da yatsunka in kana haɗawa, ka ga inda ƙofa take, ka ga dalilin da ya sa aka ɗaga fiffike can sama nesa da feshin ruwa.

Kafin ka taɓa gam, fara da sitika. Yanko ɗaya da ba ka buƙata ka jefa a ruwan ɗumi. In ta fito lafiya, madalla. In ta wargaje, akwai ruwan shafawa na Microscale da ake shafa wa takardar ya bushe ya riƙe ta, ko kuma ka sayi sabuwa, don tambarin jiragen Ingila na wannan ma'auni ba wuyar samu yake yi ba. Rawayar kuwa takan ragu in ka sa takardar cikin leda ka manna a jikin gilashin taga ta sha rana na ɗan lokaci. Fiffiken da ya lanƙwashe, tsoma shi a ruwan zafi, ba tafasasshe ba, ka miƙe shi a kan tebur ka danne har ya huce. Kawunan ƙusa da suka cika jikinsa, salon zamanin ne; wasu na goge su ƙarƙaf su sake zana layuka, ni dai shawarata ka bi da samfefa mai laushi ka rage musu tsini kawai, ka bar tsohon jirgi da kamanninsa na tsoho. In ka zaɓi launin da gefe da ciki fari ne, ka shirya haƙuri, farin fenti da buroshi ba ya rufewa a shafa ɗaya, sai siriri bisa siriri. 'Yan kwale-kwalen da ke ƙarƙashin bakin fukafukai su ne na ƙarshe, bayan fenti da sitika, in ba haka ba za ka karya su kana juya jirgin. Sannan ka auna kantarka tun yanzu: fiffiken na gaske ya haura mita 34, a wannan ma'auni kusan santimita 48 ke nan.

In kuma abin da ranka ke so shi ne Sunderland mai cikakken daki-daki irin na zamani, kamfanin Italeri ya fitar da wani a 2012, ka nemi wannan. Amma kada ka saye shi da sunan za ka "ceci" tsohon, don ƙarshenta kwali biyu za ka tara a saman kabad.

Inda zan ce a ajiye ba tare da gardama ba wuri ne ƙanƙani. Wanda ya tsinci FROG Penguin, wato jiragen haɗawa na kamfanin FROG waɗanda suka fara fitowa a 1936, ya riƙe kayan tarihi ne. Da wata roba ta farko-farko aka yi su, selulos asitet, mai karkacewa da tsufa, ko an haɗa ba kyau za su yi ba. Haka kwalin bugun farko da ba a taɓa buɗewa ba, ko jirgin da mazubinsa ya ɓace ba a sake zubawa ba. Su kansu kwalayen FROG na baya, bayan kamfanin ya rufe a 1976 an sayar da yawancin mazubansa ga Tarayyar Sobiyet, aka ci gaba da zubawa da sunan Novo da wasu sunaye, don haka mai irin wannan kwali yana iya ajiye na asali ya nemi zubin baya ya haɗa. Naka bai shiga ko ɗaya daga ciki ba.

Ba ka tambaya ba, amma tunda na ga hannunka ya fara shiga tsofaffin kwalaye, ka yi hattara da masu sayarwa. Leda a jikin kwali ba shaida ba ce. Na'urar naɗe kaya da leda ba tsada gare ta ba, kuma tsofaffin kwalaye da yawa tun asali ba a leda suka fito ba, da ɗan salatif aka manne su. Na taɓa sayen wani jirgin ruwa-da-sama a hannun wani da ya rantse ba a taɓa buɗewa ba, na biya kuɗin "sabo dal", na ajiye ina taƙama. Ranar da na yage ledar babu gilashin wurin matuƙi, babu kwale-kwalen fiffike ɗaya, an ma fara shafa gam a kujeru. Mai sayarwar kuwa ya daɗe da ɓacewa. Sayen kwali a rufe cinikin biri a sama ne, kuma wanda ya saya don ajiyewa shi ya fi saurin faɗawa, tunda an san ba zai buɗe ba. Duk wanda ya rubuta "ban ƙirga ba amma da alama cikakke ne", ka ɗauka ya ƙirga. Wasu na zuba sabon zubi a tsohon kwali, wasu na sa sitikar da aka buga da injin ofis wadda ba ta ko saki a ruwa, wasu kuma hoton kwalin wani suke ɗorawa. Ka ce a baje maka komai a kan tebur a ɗauki hoto, firam ɗaya bayan ɗaya, da gilasai, da sitika, da takardar bayani. Wanda ya ƙi, bar masa kayansa. Kalmar "ba a samun irinsa" kuma, kowa na iya rubuta ta kyauta.

Murfin kaɗai nake so ka kula da shi. In na tsakanin 1964 da 1974 ne, duba kusurwar zanen ko za ka ga sa hannun Roy Cross, wanda ya zana yawancin murafan Airfix na wannan zamani; akwai masu neman kwali ko babu komai a ciki saboda zanensa. Kada ka yanka shi, kada ka mayar da shi wurin gwada fenti. Ajiye shi tare da takardar bayani inda laima da rana ba sa kaiwa. Daren nan kuma ka zazzage ɓangarorin a kan farin ƙyalle, ka bi lambobin takarda ɗaya bayan ɗaya, musamman gilasai da farfela huɗu da bindigogi. In wani abu ya ɓace ka faɗa mana lambarsa, da wuya a rasa mai ragowar wannan jirgi a cikinmu.