Neman Bayanin Cututtuka Masu Yaɗuwa A Waya: Wace Kafa Ce Abar Dogaro?

Yau da zarar jikin yaro ya yi zafi, waya ake fara ɗauka kafin a nufi asibiti. Ba laifi ba ne, sai dai kafofin ba ɗaya suke ba. Kafin ka ƙarar da datarka, auna kowace da tambayoyi uku: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, kuma me yake sayarwa?

Saƙon murya na WhatsApp shi ne mafi arha, ga shi da Hausa, amma ya faɗi a duka ukun. Ba suna, ba kwanan wata, saƙon da ya shekara biyar sai ya dawo kamar na jiya. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, irin wannan saƙo ne ya sa mutane a Najeriya suka tashi da tsakar dare suna wanka da ruwan gishiri suna sha, har aka rasa rayuka.

Facebook da TikTok kuwa hatsi ne haɗe da tsakuwa. Akwai likitoci na gaske masu bayani mai amfani, akwai kuma masu farar riga kawai. Duba ƙarshen bidiyon: in ya ƙare da lambar waya da "a turo kuɗi a aiko da magani", talla ce. Maganin da aka ce shi kaɗai yana warkar da taifot da basir da ciwon hanta, a bar shi inda yake.

In tambayarka ita ce ko wata annoba ta ɓulla a jiharku, babu kamar shafin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya. Tana fitar da rahotannin zazzaɓin Lassa, kwalara, sanƙarau da mashaƙo, jiha bayan jiha, da kwanan wata a kai. Matsalarsa Turanci ne da jadawali masu wahalar karantawa a ƙaramar waya. Lambarta ta kyauta, 6232, ta fi sauƙi ga mutane da yawa. Shafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya fi bayanin cutar kanta, yadda ake ɗauka da alamominta, kuma yana da Faransanci da Larabci, abin da zai taimaki mutanen Maraɗi ko Damagaram. Sassan Hausa na BBC, DW da RFI suna kawo maganar cikin harshenmu, amma labari suke bayarwa, ba su rubuta wa kowa magani.

Babban tarkon da ba a cika lura da shi ba yana cikin kalmominmu. "Shawara" tana iya nufin ɗorawar idon jariri, ko ciwon hanta, ko zazzaɓin da sauro ke yaɗawa, kuma kulawarsu ta sha bamban. "Sanyi" ya ma fi faɗi, daga ƙaiƙayin gaba zuwa cututtukan da ake ɗauka wajen saduwa. In ka rubuta waɗannan a Google, ko ka tambayi manhajar ƙirƙirarriyar basira, za ta amsa ba tare da ɗar ba, wataƙila kan wata cuta daban da taka. Mafita ita ce ka roƙi likita ko nas su rubuta maka ainihin sunan cutar a kati, da shi za ka yi bincike.

Ganin likita ta manhaja a biya kuɗi yana da amfani wajen fassara sakamakon gwaji ko tambaya kan maganin da aka riga aka ba ka. Tabbatar likitan yana da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya. Amma ba zai iya ɗibar jini ta waya ba, kuma maleriya, taifot da Lassa duk da zazzaɓi, ciwon kai da kasala suke farawa. Gwajin maleriya na ɗigon jini daga yatsa minti 15 zuwa 20 ne kawai. In an sha maganin maleriya na kwana 3 zazzaɓi bai sauka ba, a koma asibiti, kada a shiga canza ƙwayoyi a kemis bisa abin da aka gani a bidiyo.

Wasu alamomin ba sa jiran bincike: sanƙarewar wuya da zazzaɓi, jijjiga, kumburin wuya da farin abu mai toka-toka manne a maƙogwaron yaro, zubar jini daga hanci ko dasashi, ko gudawa kamar ruwan wankin shinkafa. A wannan na ƙarshe, a kaɗa fakitin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, a lita 1 na tsabtataccen ruwa. In babu, a zuba wa wannan lita 1 ɗin ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe kan cokalin kada ya yi tozo. A riƙa ba mara lafiya yana kurɓa a hanya har a isa asibiti.